Jirgin Madu a Gurbin Tsamiya

"Ni dai har yau ban san abin da na yi wa Madu ba."

Meram ta ji maganar nan ne ta tsakanin katakon bodin akori-kura, a tashar Gashua, wata Asabar da hantsi cikin ƙarshen daminar 1988. Tana zaune a lungu, jakarta a cinya, buhun barkono ya danne mata ƙafa, ana jiran mutum biyu mota ta cika. Mai maganar bai san tana ciki ba. Ibram ne, ɗan kamashon tashar, yana tsaye jikin taya yana ɓare goro. Direban motar, wani Ɗanladi, shi ya taɓo zancen. Ya ce masa tunda ranar Laraba zai tattara ya koma Baga wurin ɗansa gaba ɗaya, ai ya kamata ya leƙa Mashigin Ajimi ya yi sallama da tsohon abokinsa. Shi ne Ibram ya faɗi haka, ba da fushi ba, kamar mai cewa yau an yi rana. Ya jefa goron a baki, ya juya yana kiran fasinja.

Madun da ake magana babanta ne. Abin da Ibram bai sani ba kuwa, ita ta sani. Shekara huɗu ke nan tana ɗauke da shi. Ta ƙara jan mayafi ta rufe gefen fuskarta, ba ta ɗago ba har mota ta fita daga tasha.

Mashigin Ajimi ƙauye ne a hayin wani reshen kogi, yamma da Gashua kaɗan, inda ruwan Haɗeja da na Katagum ke warwatsuwa cikin fadama kafin su haɗu su nufi gabas. Sunan kakan Meram ne a kan garin. Ajimi shi ya fara fito a wurin, tun zamanin da layin dogo ya iso Nguru ya tsaya, bai ƙara gaba ba. Duk abin da ƙasar nan ta samar, ƙaro da fatu da banda da gyaɗa, sai ya je Nguru kafin ya ga duniya. Da rani raƙuma da jakuna ke ɗauka su bi ta yashi. In ruwa ya zo kuwa, sai kwarin ya zama wani wuri dabam. Hanyoyi su nutse, kowane tudu ya zama tsibiri, wata huɗu ko biyar ba mai motsi sai da jirgi.

Jirgin Ajimi itacen maɗaci ne guda, aka fafe shi can kudu, aka ɗoro shi a buɗaɗɗen tarago har Nguru. A nan Ajimi ya zauna ya jira ruwa ya kawo, sannan ya turo shi ta tafki da fadama, kwana shida, har gida. Yana cin mutum ashirin da kayansu. Da Ajimi ya rasu jirgin ya koma hannun ɗansa Madu, shi kuwa ba ya kiransa jirgi, Dattijo yake ce masa. Madu na baya da filafili, Ibram na gaba da gwangwala, haka suka yi shekara kusan talatin. Mutane na cewa sai su haye da kai su dawo ba su ce wa juna uffan ba. Madu kafaɗar Ibram kawai yake kallo, ya san inda yashi ya taru da inda kututture ya kwanta.

Daga baya kwalta ta zo, ta taso daga Nguru ta bi ta Jajimaji ta shiga Gashua, manyan motoci suka ƙwace kayan da jirage ke ɗauka. Aka kuma gina madatsar ruwa can sama wajen Kano. Ruwan da ke yin wata biyar ya koma uku, wata shekarar ma ya zo a makare ya tafi da wuri kamar baƙon da bai ji daɗin masauki ba. Ibram mai iyali da yawa ne, sai ya jingine gwangwala ya koma tasha. Madu bai ji daɗi ba, amma abin bai raba su ba. Yakan ce masa mutumin taya, Ibram ya ce masa kwaɗon tsohon gurbi, su yi dariya su raba goro ɗaya.

Jirgin itace yana da hali guda: rana ce ajalinsa. In ruwa ya janye aka bar shi a sarari, sai ya bushe ya tsage. Saboda haka kowace shekara in fito ya ƙare, sai a kai Dattijo Gurbin Tsamiya, wani rami mai riƙe ruwa a bakin gari, a cika shi da laka a nutsar da shi, ya kwana a ƙarƙashin ruwa har damina. A jikin saiwar tsamiyar da ta gangaro cikin gurbin akwai tsaga uku da Ajimi ya yi da gatari. Ta farko in ta fito, ba komai. Ta biyu, a fara sa ido. In ta ukun ta fito, to gurbin ba zai kai damina ba, dole a tono jirgin a ja shi zuwa Gurbin Kada, wanda ya fi zurfi, tafiyar rabin awa. Aiki ne na maza goma sha biyu da gungumen goriba, a shimfiɗa a gaba ana mirginawa. Tun da Madu yake, sau ɗaya ya ga tsaga ta ukun da idonsa.

A 1984 Meram ba ta daɗe da gama sakandare ba, tana gida tana jiran sakamako. Yarinya ce da in baƙo ya yi sallama sai ta nemi abin yi a bayan ɗaki. A makaranta ma duk amsar da ta sani a takarda take faɗinta, ba ta taɓa ɗaga hannu ba. Amma tana da kallo. Ita ce kan fara lura in akuya ta fara ɗingishi, ita ce kuma ta lura babanta ya fara laluben buta da ƙafa kafin ya sunkuya. Yanar ido ce ta rufe masa duka biyun. Aka shirya shi da innarta su hau jirgin ƙasa daga Nguru zuwa Kano a yi masa aiki, su sauka gidan wani ɗan'uwa. Gida ya rage daga Meram sai Gogo, yayar babanta, tsohuwa mai ciwon gwiwa da ba ta wuce bakin zaure.

Ana jibi za su tafi, Madu ya sa Meram ta riƙe masa hannu zuwa gurbin. Ruwan bara bai yi kirki ba, tsaga ta farko ta riga ta fito tun sanyi bai gama fita ba. Ya durƙusa ya shafa saiwar, ya ɗora yatsanta a kan kowace tsaga, har wadda ke cikin ruwa.

"Idona na bar miki, Meram. Kullum ki zo ki duba. Ran da ta ukun nan ta leƙo, kada ki kwana. Ki je tasha ki faɗa wa Ibram. Cewa kawai za ki yi ta uku ta fito, ya san sauran."

Ta ce to. A ranta ta ce ai ba za ta fito ba.

Ta kuwa fito. Aikin ido ya ja lokaci, aka yi ɗaya aka ce sai ya warke a yi ɗayan, wata biyu ya zama huɗu. Zafi ya sauko irin wanda tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Makiyaya suka riƙa gangarowa daga arewa da shanu duk haƙarƙari a waje, suna shayarwa a duk inda suka ga laima. Wata safiya Meram ta je ta tarar da tsaga ta uku a waje, baƙa, da gansakuka a bakinta.

Ba ta kwana ba, gaskiya. Ranar ta taka har bakin hanya ta hau mota zuwa Gashua. Sai dai rumfar 'yan kamasho tana tsakiyar tasha ne, kuma cike take da maza, direbobi a kan benci ana shan shayi ana ihu ana dara. Ta tsaya jikin rumfar mai tuwo tana hango hular Ibram. Tsakaninta da shi bai fi taku talatin ba. Ta shirya maganar a bakinta, kalma huɗu ce tak. Ta ce bari mutane su ragu. Ba su ragu ba, ƙaruwa suka yi. Da azahar ta yi suka tashi gaba ɗaya zuwa masallaci, ita kuma ta hau motar komawa. Ta ce wa Gogo ba ta same shi ba.

Bayan kwana uku ta koma, ta yi tsayuwar da ta yi, ta dawo. Zuwa na uku ne ta daure ta ƙarasa bakin rumfar ta durƙusa. Ibram ya gan ta, fuskarsa ta washe.

"A'a, 'yar Madu! Wushe, wushe, sannu da zuwa. Ku ba ta wuri, 'yar boko ce fa, ta fi ku duka ilimi."

Wani direba mai ƙaton tumbi ya ce to tunda ta yi ilimi ta zo ta karanta masa abin da aka rubuta a bayan motarsa, shekara biyar yana ja bai sani ba ko zaginsa aka yi. Aka kwashe da dariya. Wani ya ce a bar yarinya, kun ga har gumi take yi. Idanu kamar ashirin suna kanta. Ta ji harshenta ya yi nauyi, kunnuwanta suna ƙara.

Ibram ya tambaye ta ya jikin kwaɗon tsohon gurbi, an samu labari? Ta ce da sauƙi. Ya tambayi Gogo, ta ce lafiya. Ya ce ko akwai wani abu? A daidai nan wata motar Nguru ta shigo tana hon, rabin rumfar suka miƙe, shi ma ya juya yana ɗaga wa direban hannu. Meram ta ce, "Babu, Baba Ibram." Ya ciro goro biyu ya ce ta kai wa Gogo, in ta rubuta wasiƙa Kano kuma ta ce yana gaishe da Madu.

A hanyar komawa ta riƙa lallashin kanta. Saura kwana nawa ne damina? Kowa a kwarin nan ya san ko ba a yi ruwa a nan ba, ruwan sama yakan gangaro daga yamma ya cika gurabe, haka aka saba tun zamanin Ajimi. Ita ma da ta zana kogin nan a littafin makaranta, ta ja shuɗin layi ta sa alamar madatsa a samansa, a zuciyarta ruwan gida ba ya saɓa alkawari. Ta ce ko ruwa ɗaya aka yi mai ƙarfi, gurbin zai ɗago. Ta ce gobe ma rana ce.

Hadari ya riƙa haɗuwa yana watsewa. Ruwan gurbin ya sauka har bakin jirgin ya bayyana, sannan cikinsa, laka ta fara daddarewa tana tsattsagewa. Da ta ga haka, sai ta kama abin da take iyawa ba tare da ta yi wa kowa magana ba. Ta kwaso tsofaffin zana da buhunan algarara ta lulluɓe shi. Safe da yamma tana ɗebo ruwa daga rijiya da tulu tana kwarara masa, sawu goma, sawu sha biyar, har wuyanta ya ƙage. Matan da ke bakin rijiya suka fara cewa 'yar Madu ta ga mutane ba su ishe ta shayarwa ba, ta koma shayar da itace. Mazan gari kuwa yawancinsu sun tafi cin rani, waɗanda suka rage sun ɗauka Madu ya bar wani shiri. Ba wanda ya tambaye ta, ita ma ba ta ce ba.

Wata rana da tsakar rana tana tafe da tulu a ka, ta ji ƙara kamar an harba bindigar mafarauta. Tsuntsayen kan tsamiya suka tashi gaba ɗaya. Ta yaye zanar. Dattijo ya tsage daga goshi har kusan tsakiya, tsaga mai faɗin tafin hannu, cikin itacen ja wur kamar nama. Ta sauke tulun ta zauna a busasshiyar lakar. Ta daɗe a wurin. Can ta tashi ta juye masa ruwan duk da haka.

Bayan kwana goma sha ɗaya Madu ya dawo, da baƙin tabarau, yana tafiya ba mai riƙe masa hannu. Gari ya fito taryarsa. Yana ta kiran sunayen mutane tun daga nesa don su san yana gani, ya ce wa Gogo ashe haka ta tsufa ba a faɗa masa ba. Ko ruwa bai gama sha ba ya ce bari ya je ya gaida Dattijo. Meram ta bi shi a baya, taku biyar tsakaninsu.

Ya tsaya a bakin gurbin da babu ko ɗigon ruwa. Ya cire tabarau, abin da likita ya hana. Ya sauka ya zura hannunsa cikin tsagar har gwiwar hannu, ya bi ta da tafinsa daga farko har ƙarshe. Ya dubi zana da buhunan, ya dubi hanyar da sawunta ya fitar daga rijiya zuwa wurin. Sannan ya tambaye ta, a hankali, ba tare da ya juyo ba.

"Kin je wurin Ibram?"

"Na je, Baba. Sau uku."

"Me ya ce?"

Nan ne wurin. Ta sha komawa wurin nan a ranta, ta tsaya a kansa kamar yadda ta tsaya a jikin rumfar mai tuwo. Abin da ya fito daga bakinta shi ne, "Ya ce a gaishe ka."

Madu ya gyaɗa kai. Ya mayar da tabarau. Ya ce sannu da ɗibar ruwa, Allah ya yi mata albarka, ta yi abin da ya fi ƙarfinta. Wannan albarkar ta fi mata duka ciwo.

Bai taɓa zuwa ya tuhumi Ibram ba. Ba halinsa ba ne, kuma a wurinsu babba ba ya bin abokinsa yana tambayar me ya sa. Janyewa kawai ya yi. Da Ibram ya ji labarin dawowarsa ya zo da goro da sukari, yana tun daga zaure yana kiran kwaɗon tsohon gurbi. Madu ya amsa masa da Malam Ibram. Suka gaisa gaisuwar mutanen da suka haɗu a mota. Ibram ya yi jajen jirgi, ya ce wallahi da ya sani da an yi wani abu, fari ne ya zo ba kama da na kullum ba. Madu ya ce haka Allah ya so. Meram na bayan zana tana jin su, tana riƙe da kwanon ruwan da aka ce ta kawo, ta kasa shiga har Gogo ta karɓa ta kai da ɗingishinta. Ta ji sarai lokacin da Ibram ya ce da ya sani, ta kuma san yadda maganar ta sauka a kunnen babanta.

Ibram ya sake zuwa sau biyu, sannan ya daina. Aka yi sunan jikan Ibram, Madu ya aika da innar Meram, shi bai je ba. In kasuwa ta kai shi Gashua, sai ya sauka tun kafin a shiga tasha ya ƙarasa da ƙafa. Ya koma noman barkono a bakin fadama kamar kowa. Ba ya zancen jirgi, sai dai wani lokaci in ana hira ya ce mutum in ya saba da taya, ruwa ba ya ƙara ba shi tausayi. Kowa ya san da wanda yake.

Meram ta samu koyarwa a wata firamare a Nguru. Abin mamaki, gaban yara bakinta yana buɗewa. Ɗakin da ta kama yana kusa da tashar jirgin ƙasa, inda yanzu sai a yi kwanaki ba a ji kukan jirgi ba, manyan rumbunan ajiyar kaya duk a rufe, awaki na kwana a kan layi. Takan koya wa 'yan aji biyar koguna da hanyoyi, ta zana musu kwarin a allo, ta ce nan da can da jirgin ruwa ake zuwa. Yaran su dube ta kamar tana tatsuniya. Sau da yawa ta ɗauki biro za ta rubuta wa babanta, tunda a takarda ta fi iya magana. Sai ta tuna ba ya karatun boko, wani zai ba ya karanta masa a zaure. Ta yaga. Kowane hutu ta zo da niyya, kowane hutu ta koma da ita. Da shekara ta yi biyu sai ta fara ce wa kanta ai abin ya wuce, tayar da shi ma wani ciwon ne.

Yau kuwa ga Ibram ya faɗa a gaban direba cewa bai san laifinsa ba, kuma ranar Laraba zai tafi Baga. Ta ga yadda ya rame, ta ji tarin da yake yi tsakanin kiran fasinja. Mutum mai shekarunsa in ya yi irin wannan ƙaura ba a cika sa ran dawowarsa ba.

Akori-kurar ta bar kwalta ta kama jar hanya. Ba a yi nisa ba Ɗanladi ya taka birki ya ce iyakar tayarsa ke nan, mai son ƙarasawa ya nemi fiffike ko ya koyi iyo. Meram ta sauko ta tsaya. Ta ji labari a Nguru cewa bana ruwa ya zo, amma ba ta zaci haka ba. Hanyar ta shige cikin ruwa ta ɓace. Daga nan har inda ido ya kai fari ne fat, kawunan goriba ne kawai a tsaye, ga farin balbela a kansu. Kwarin ya koma yadda yake tana ƙarama.

Wani baƙon mutum daga gabas ya kawo ɗan jirgin katako yana fito, mutum biyar yake ɗauka, yana tafe yana kwarfar ruwa da gwangwani. Mutane sun yi cincirindo da buhuna, wasu sun gaji da jira sun kifa ciki a kan manyan gorunan duma suna turawa da hannu. Wata mata ta ce yau da jirgin Madu na nan ai sawu biyu ya kwashe su duka. Wata ta taɓa ta ta nuna mata Meram da ido.

Sai bayan azahar layi ya zo kanta. Suna tsakiyar ruwa ta fara jin muryar babanta daga hayi. Yana ƙarƙashin tsamiyar, a kan tudu, ya kafa hannu a baki yana yi wa mai jirgin kwatance: ya bi dama, akwai kututture a gabansa, ya bar wurin da ruwa ke murɗawa. Mai jirgin ya ce tsohon nan tun da ya zo kullum yana wurin, daga safe har yamma, ba ya karɓar komai, kuma bai taɓa kuskure ba.

Ta sauka ta hau tudun ta durƙusa ta gaishe shi. Ya yi murna, ya ce malama ta iso, ya tambayi yara da hanya. Ya matsa mata a kan tabarma. Gurbin Tsamiya ya haɗe da kogi, ba a ma gane inda yake. Saiwar ta nutse da tsagoginta duka uku. Dattijo da ya shekara huɗu a kwance a wurin, kaji na fakewa a inuwarsa, shi ma ruwa ya rufe shi, sai ɗan goshinsa da ke leƙowa in igiyar ruwa ta wuce.

Madu ya nuna wurin da haɓa. Ya ce ga shi nan ya samu abin da yake so, sai dai an makara. Ya yi 'yar dariya. Sannan ya ce wannan baƙon yana da ƙoƙari, amma shi kaɗai ne, fito kuwa aikin mutum biyu ne, dole a samu na gaba mai karanta ruwa. Ya ciro goro daga aljihu. Ya ɓare shi biyu. Ta ga ya riƙe ɗaya ɓarin a hannu ɗan lokaci, bai san inda zai kai shi ba, sannan ya mayar aljihu.

Ta ce ta ga Baba Ibram a tasha. Ya ce uhm. Ta ce ta ji ana cewa ranar Laraba zai koma Baga gaba ɗaya. Ya ce ya ji, Allah ya kai shi lafiya. Idonsa na kan ruwa.

Jirgin katakon ya juya ya koma ɗauko wasu, waɗanda suka sauka suka ɗauki kayansu suka shige gari. Tudun ya rage daga ita sai shi. Ba direbobi, ba dariya, ba motar da za ta shigo tana hon. Duk da haka ta ji harshen nan ya fara nauyi, kunnuwan sun fara ƙara, kamar dai ranar. Ta ji bakinta na shirin cewa bari ta ƙarasa gida ta gaida su Gogo. Ta danne tafin hannunta a kan tabarma har kabar ta shiga fatarta.

"Baba."

Ya juyo. Tun da aka yi masa aikin nan idanunsa suka zama garau, ba ta taɓa iya haɗa ido da su ba. Yau ta haɗa.

"Ranar da ka dawo daga Kano, ka tambaye ni ko na je wurin Baba Ibram, ka tambaye ni me ya ce. Ba ka tambaye ni me na ce masa ba." Ba ta tsaya ba. "Ban faɗa masa ba, Baba. Sau uku na je, na kasa. Har jirgin nan ya tsage bai san ta uku ta fito ba."

Daga can tsakiyar ruwa mai jirgin yana ɗaga murya yana tambayar ta ina zai bi, ba a amsa masa ba. Hannun Madu ya tafi a hankali ya dafa aljihun da ɓarin goron yake.

Meram ta ƙara matsowa kusa da shi.

"In na raka ka gobe da safe, na tsaya a gaban mutanen rumfar na faɗa da bakina, za ka je wurinsa kafin Laraba?"